Kundin aikin 'yar Scion, daga garejin Apo zuwa lamba mai suna

Asabar, 18 ga Janairu, 2025

Mota ta kwana a gida. Scion FR-S ce ta 2013, giyar hannu mai shida, ruwan toka mai duhu. Daga Amurka ta shigo ta Legas, aka ɗoro ta a tirela zuwa Abuja. Zan riƙa rubuta abin da aka sa mata da dalilin sa shi, don masu tambaya sun yi yawa tun kafin a sauke ta.

Ga wanda bai san ta ba, mota ɗaya ce mai suna uku. Toyota da Subaru suka haɗa hannu suka fitar da ita a 2012, ana ƙera ta a masana'antar Subaru da ke Gunma a Japan. Subaru na kiran tata BRZ, Toyota na cewa 86, a Amurka kuwa da sunan Scion aka sayar da ita har 2016, shekarar da Toyota ta rufe wannan reshe nata. Ta Japan da ta Ingila sitiyarinsu a dama yake, mu kuma tun 1972 muka koma bin hannun dama, doka ba ta yarda da irinsu a titi ba. Dole ta Amurka aka nema.

Injin lita 2 ne, silinda huɗu a kwance, biyu ta nan biyu ta can, ƙarfin doki 200. Camry mai V6 da ake kai yara makaranta da ita ta fi ta ƙarfi, in gaya muku gaskiya. Abin da ta ɗara sauran da shi rashin nauyi ne, kilo 1,250 ko kusa da haka, ga ta a ƙasa ƙwarai, kuma tayoyin baya ke tura ta. Daɗinta a kwana yake, ba a miƙaƙƙen titi ba.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Apo. Kafin a yi maganar ado sai an san lafiyarta. Ogan garejin ya ɗaga bonet, ya ga sunan Toyota da na Subaru jere a kan injin, ya juyo ya ce, "Alhaji, wannan 'yar waye a cikinsu?" Na ce ta dukansu ce, amma in za a nemi kayan inji a nemi na Subaru.

An sa mata kwamfuta, ba ta nuna wani laifi ba. Na sa aka ɗaga ta muka leƙa salansa, domin abin da makanikai ke kira indomi, wato matatar hayaƙi, shi ɓarayi ke fara cirewa daga motocin da suka daɗe a hanya. Nata yana nan. A 2018 an yi kiranyen irin waɗannan motoci na 2013 don a canza safirin ɗin bawul, to na sa lambar shasi a shafin hukumar Amurka mai kula da wannan, ya nuna babu kiranyen da ya rage a kanta.

An juye baƙin mai, an canza filta (a saman inji take, ta gaba, ko durƙuso ba a yi), an canza man giya da na difaransha. Fulogi ne ya ci mana yini. Da yake silindojin a kwance suke, fulogan na kallon bangon bodi, tazarar ba ta wuce a zura hannu da ƙyar ba. Ƙaramin yaron garejin ne mai siririn hannu ya fitar da su, ogan na tsaye a kansa yana cewa a bi a hankali kada zaren ya cinye. An kuma yi mata lambar gama-gari da inshora don ta samu fita.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Duk wanda ya gan ta tambayarsa ɗaya: yaushe za a sa tabo (turbo), wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska don ƙarfi ya ƙaru? Amsa ita ce ba za a sa ba, kuma dalilin yana gidan mai.

Matsin wannan inji 12.5 ne bisa 1, wanda ya yi yawa ga injin fetur. Littafinta ya ce a ba ta mai lamba 93, in babu a ba ta 91. Wanda ya ji ana cewa fetur ɗinmu 91 ne sai ya ɗauka an dace, alhali ma'aunin ba ɗaya ba ne. Namu ma'aunin da ake kira RON ne, Amurkawa kuma da wani lissafi suke aunawa, wanda 91 ɗinmu ke komawa wajen 87 a wurinsu, mafi arhar mansu ke nan. Idan mai bai kai ba, yakan kama da kansa kafin lokacin da fulogi ya tsara, sai inji ya riƙa ƙwanƙwasa. Motar na da na'urar da ke jin wannan ƙara, ta gaya wa kwamfutar inji, ita kuma ta jinkirta wuta don kare fistin. Inji ya tsira, amma doki 200 ɗin nan ba su cika ba.

Na sayi 'yar na'urar da ake soka wa a ƙarƙashin sitiyari tana turo bayani a waya. Da rana tsaka a hanyar Kubwa, in na taka totur a babbar giya inji yana ƙasa, sai in ga kwamfutar tana janye wuta. In na sauko giya ɗaya na bar shi ya yi sama, abin ya ragu sosai. To injin da ke wannan fama a yadda kamfani ya yi shi, a ce kuma a cusa masa ƙarin iska da tabo? Masu bidiyon intanet ɗin da ake turo mini famfon gidan mansu daban ne da namu. Kuɗin tabo zai tafi wurin sanyaya mai, taya da birki.

Asabar, 15 ga Maris

Azumi ga zafin Abuja, aikin gareji sai da sassafe. An ɗaura kular baƙin mai, ɗan ƙaramin lagireto a bayan ragar gaba, don motar ba ta zo da shi ba. Na zaɓi mai bawul ɗin da ba ya buɗewa sai mai ya yi zafi, saboda safiyar hunturu. Baƙin man ma na bar 0W-20 da aka rubuta a murfi na koma 5W-30, wanda ya fi riƙe kaurinsa a irin yanayinmu. Mun tsaya an ɗaure tiyo nesa da salansa, aka tayar da ita ta yi zafi, muka shimfiɗa kwali a ƙasa. Ko ɗigo babu.

Asabar, 12 ga Afrilu

Rim da taya. A nan ne na fi shan musu da abokai.

Ramukan notinta biyar ne a da'irar milimita 100. Yawancin rim ɗin da ke Gudu da Zuba na Camry ne da Accord, masu 114.3, ba sa shiga. Wani mai shago ya ce ai na Corolla ma 100 ne, gaskiyarsa kuwa, sai dai ramin tsakiyar na Corolla 54.1 ne, cibiyar wannan kuma 56.1, ba zai zauna ba sai an kai wa mai injin sassaƙa. Ban yarda a sassaƙe abin da zai ɗauki raina ba. Daga Ladipo aka turo mini saiti mai inci 17, faɗin inci 8.

Abokai sun so in sa 18, wasu ma 19, in kuma sauke ta ƙasa har taya ta ɓuya a cikin bodi. Na auna da tef: tsakanin cikinta da ƙasa bai wuce santimita 12 da rabi ba. A hakan ma tudun rage gudu na cikin Gwarinpa sai na hau shi a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, masu Keke na danna mini oda ta baya. In aka rage santimita uku, ƙofar gidanmu ma ba za ta shiga ba. An canza shok huɗu, an bar tsayinta yadda yake.

Tayar asali 215/45 ce (faɗi milimita 215, tsayin gefe kashi 45 cikin ɗari na faɗin), irin wadda ake sa wa wasu Prius, kuma da gangan kamfani ya yi haka don bayan motar ya riƙa zamewa cikin sauƙi. Wannan wasa ne na filin tsere. Ni damina nake hange, da ruwan da ke kwanciya a hanyar filin jirgi wajen Lugbe. Na koma 225/45. Gefen tayar ya ƙaru daga milimita 97 zuwa 101, motar ta ɗan ɗaga da kusan rabin santimita, kuma rami ba zai kai ga rim da wuri ba. Abin lura shi ne agogon gudu yanzu yana rage kusan kashi ɗaya da rabi cikin ɗari, in ya nuna 100 to ana kan 101 da ɗoriya.

Kowace taya na juya ta na karanta lambobi huɗun da ke gefe, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Hukumar kiyaye haɗurra na cewa taya ta wuce shekara huɗu ta tashi aiki ko da ba a taɓa hawanta ba. Mai shagon ya ce, "Oga, kai ɗan rod sefti ne?" Na ce a'a, ni ne dai zan zauna a ciki.

Asabar, 26 ga Afrilu

Birki: sababbin fad, man DOT 4, da tiyo masu saƙar ƙarfe. An yi alaimen. Feda ta daina laushi.

Lahadi, 11 ga Mayu

Yanzu sai suna. Tun ranar da ta iso nake son lambar fansi, wato wadda mutum ke zaɓar abin da za a rubuta masa, amma na bari sai ta samu lafiya tukun.

Lambar gama-gari haruffa uku ne, alƙaluma uku, sai haruffa biyu. Ukun farko na nuna inda aka yi rajista, shi ya sa ake ganin KUJ ta Kuje, BWR ta Bwari, GWA ta Gwagwalada, KWL ta Kwali. A fansi kai za ka cike gurbin da abin da kake so, sauran kuwa suna nan: taswirar ƙasa, sunan Abuja a sama, da shuɗin rubutu na motar gida. Ja na haya ne, kore na gwamnati.

Bayan magariba muka baje takarda a falo ni da uwargida. Sunana ta fara sokewa, ta ce wanda zai tare ni a hanya ba sai na taimaka masa da suna ba. Na yarda. Sunan yara ma haka. Sarauta ban ko kawo ta ba, ba a naɗa ni komai ba, kuma Abuja ta riga ta cika da motocin sarakunan da ba a san garuruwansu ba. Na so wata kalma ta godiya ga Allah, irin wadda ake rubutawa a bayan manyan motoci, sai limamin masallacinmu ya tuna mini cewa ta babbar mota a sama take, lamba kuwa a gindin bamba take, inda taɓo da ruwan kwata ke fallatsa. Na janye.

Akwai kuma matsalar ƙugiya. Injin buga lamba bai san ƙ da ɗ da ɓ ba, don haka duk kalmar da ke da su fita za ta yi a gurguje. WALƘIYA ta faɗi a nan, ko da yake dama ta fi ƙarfin motar. GUGUWA ma haka, alkawari ne da injin lita 2 ba zai cika ba. SHAHO86 ta daɗe a takarda. Ƙanena ya kawo wasu na Turanci da ake musanya harafi da alƙalami, na ce duk lambar da sai an tsaya an yi wa mutum bayaninta ba ta yi ba.

Uwargida ce ta ce BAREWA. Ba ƙarfi gare ta ba, ba nauyi, sai zafin nama da iya kauce-kauce. Haruffa shida, a ƙara 86 su zama takwas. Shi kansa 86 ɗin yana da tushe a motar: gadon sunan Corolla AE86 ta shekarun 1980 ne, kuma faɗin silinda da tafiyar fistin duka milimita 86 ne. Kawu da ya ji ya ce mutane za su ɗauka tsohon ɗalibin Kwalejin Barewa ta Zariya ne, makarantar su Tafawa Ɓalewa da Sardauna da Gowon. Na ce, "Kawu, in an ɗauke ni haka ai ban yi asara ba."

Talata, 20 ga Mayu

Ofishin VIO na Mabushi. Na je da takardun kwastam, shaidar mallaka, lasisin tuƙi, lambar NIN da inshora. Jami'in ya ce kada a wuce gurbi takwas, kuma in rubuta zaɓi fiye da ɗaya ko wani ya riga ni. Na sa BAREWA86 a sama, SHAHO86 a ƙasa. Aka duba, ta farkon babu mai ita.

Kuɗin hukuma na fansi a lokacin naira 200,000 ne, farashin da aka sa tun Agustan 2021, na gama-gari kuma 18,750. Wannan ban da kuɗin sauya takardu. Ta banki na biya na karɓi rasit. A bakin ƙofa akwai masu cewa za su fitar maka da ita cikin kwana biyu, na gaishe su na wuce. Hukumar kiyaye haɗurra ce ke buga lambar, tana da masana'anta a nan Gwagwalada, kuma lambar da ba ta cikin rumbun bayananta ƙarfe ne kawai da fenti, komai kyanta.

Talata, 10 ga Yuni

An sha Sallah lafiya. Daga shekaranjiya Lahadi, 8 ga wata, sabon farashin da hukumar haɗin gwiwa ta haraji ta amince da shi ya fara aiki: fansi ta koma naira 400,000, gama-gari 30,000. Abokina mai BMW, wanda tun azumi yake jujjuya suna tsakanin nasa da na garinsu, ya bugo waya ya ce ya fasa, lambar Kwali ma lamba ce.

Asabar, 5 ga Yuli

Lamba ta fito. Kafin in taɓa sukundireba sai da na shigar da ita a shafin tantancewa na hukumar, ya nuna sunan motar daidai. Na kuma sa kamfanin inshora ya mayar da takardata kan sabuwar lamba, don 'yan sanda tun Fabrairu suke tsananta binciken inshora, kuma da lamba suke dubawa.

Ta baya ta zauna a gurbinta ba wahala, girman namu kusan ɗaya ne da na Amurka. Gaba ce ba ta da mazauni, alamar daga jihar da ba a tilasta lambar gaba ta fito. Masu irin motar kan maƙala ta a gefe, a ramin ƙugiyar ja, don kada a huda bamba. Na gwada, ta yi kyau, amma a karkace take kallo, kuma ban son abin da zai sa a tsayar da ni a yi ta muhawara. Mai gyaran bodi ya lanƙwasa farantin alminiyam ya ɗaura ta a tsakiya, sama da raga, yadda ba ta tare wa kular mai iska ba. Ba gilashi a kanta, ba firam mai cin gefen rubutu.

A ranar aka sa salansa. Daga bayan indomi kawai aka canza, mai bawul da maɓalli a ciki. In na rufe, ƙararta ba ta fi ta asali ba, da ita nake fita sallar asuba maƙwabta na barci. In na buɗe sai ta yi gurnani mai kauri daga wajen juyin inji 4,000 a minti. Ƙarfi kam bai ƙaru ba, kada mai sayarwa ya ruɗe ku. Raguwar ƙarfin da injin ke yi tsakanin juyi 3,500 da 4,500, wanda duk mai wannan mota ya san shi, yana nan inda yake. Maganinsa sai an canza bututun da ke fita daga inji an sake tsara kwamfuta, wannan kuma ya sake dawo da mu kan maganar fetur.

Lahadi, 17 ga Agusta

Gwaji na sosai: Jos da dawowa. Daga Keffi zuwa Akwanga titi biyu ne mai santsi, an kuma fara karɓar kuɗin tolget a kansa tun Fabrairu, naira 500 ga ƙaramar mota. Daga Akwanga aka shiga aikin ido, ramuka cike da ruwan sama ba ka san zurfinsu ba. Wani ya same ni ta gaban dama da ƙarfi har haƙorana suka haɗu. Na tsaya na shafa rim da gefen taya, lafiya lau. Da 19 ce da a nan tafiyar ta ƙare.

Hawan Kibo na hau shi a giya ta uku, ina bin bayan tirela har sai da hanya ta buɗe. Zafin mai ya tsaya cak. A saman tudu, Jos ta haura mita 1,200, iska ta yi sirara, motar ta ɗan yi kasala, amma kwamfutar ta kusan daina janye wuta, don ƙarancin iska na rage matsin da ke cikin silinda. A saukowa ban dogara da birki ba, giya ta riƙe ta, feda kuma ba ta canza ba har gindin dutse.

A wani shinge bayan Riyom jami'i ya zagaya ta baya ya karanta lambar da ƙarfi, ya ce, "Barewa, yau ba gudu?" Na ce, "Yallaɓai, ɗari ce iyakar doka, ita ma hanyar ba ta ba ni ba." Ya duba takardu, ya ga suna da lamba sun dace, ya ɗaga hannu.

Asabar, 20 ga Satumba

Cikin duk abin da aka sa wa motar nan, lambar ce ta fi canza yadda nake tuƙi, abin da ban sa a lissafi ba. Lambar gama-gari babu mai haddace ta. Wannan kuwa karatu ɗaya ake yi mata ta zauna. Hajiya ta kira ni ranar Laraba ta ce, "An ce an ga Barewa a Wuse 2 ƙarfe goma sha ɗayan dare." Tsire na tsaya saya, amma labari ya riga ni zuwa gida. Mai gadin ofis, yaran wankin mota, mai faci na bakin layi, duk sun bar sunana sun koma kirana da ita. Samarin da ke wasan mota da daddare sun aiko a gayyace ni, na ba su haƙuri. Mota mai suna in ta juya a shataletale sau ɗaya aka ɗauka a waya, har surukai sai sun gani. Yanzu ko fitilar hanya ta lalace ba na kutsawa.

Abin da ke gaba shi ne kala. Ina son ruwan ƙasa mai haske da zai dace da sunan, da leda ba fenti ba, don in na gaji a ɓare ta fentin asali na nan. Mai aikin ya nuna mini wata mota da ya naɗe, rufinta da bonet sun riga gefe koɗewa saboda rana, ya ce in ba ni da rumfa kada in fara. Mai walda zai zo Litinin ya auna tsakar gida. Bayan nan sai Mabushi, domin takarda ta ce toka, kuma sai an gyara ta kafin motar ta fita da wata kala. Gilashi mai duhu na ajiye shi gefe har a gama ja-in-jar da ake yi kan izinin 'yan sanda. Samfurin leda uku na liƙa su a kan rufin tun jiya, za su sha rana da ruwa zuwa ƙarshen Oktoba, wadda ta fi jurewa ita za a saya.